Maganin barci ne ke cin ƙwaƙwalwar maigidana, ko gigin tsufa ne ya zo da wuri?

Wata baiwar Allah ta rubuto cewa maigidanta tela ne mai shekara 48, ya daɗe yana fama da ciwon ƙwaƙwalwa irin mai sa mutum jin muryoyi da zargin jama'a. Ciwon ya lafa. Yana shan chlorpromazine, maganin ciwon nasa, da daddare, da Artane safe da yamma, sai diazepam mai miligiram 10 da aka sa masa kusan shekara biyu ke nan don ya riƙa samun barci. Daren da barcin ya ƙi zuwa, sai ya aika kyamis a sayo masa Piriton ko Lexotan ya ƙara. Yanzu mantuwa ta yi masa yawa. Sai ya auna mutum ya rasa inda ya rubuta awon, a yi magana da shi bayan isha'i gari na wayewa ya rantse ba a yi ba, ga yawan rafkanuwa a salla. Surukarta ta ce ƙwayoyin ne ke cin ƙwaƙwalwarsa, a watsar da su. Ita kuwa tsoronta kada a ce gigin tsufa ne ya kama shi tun da sauran ƙuruciyarsa.

Malama, sannu da jinya. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Inna, wato surukarki, ta yi gaskiya a rabin farko na maganarta. Rabi na biyun kuwa, idan aka bi shi, yana iya jawo a kwashi maigidan zuwa asibiti yana jijjiga. Don haka tun kafin ki karanta sauran bayanin: kada a tsayar masa da ko ɗaya daga cikin magungunan da likita ya rubuta farat ɗaya, musamman diazepam. Na kyamis ɗin nan da yake ƙarawa da kansa su ne za a fara tsayarwa, su ma idan kusan kullum yake shan Lexotan ɗin, sai an gaya wa likita tukuna, domin ɗan gida ɗaya ne da diazepam.

Diazepam, wanda aka fi sani da Valium, ya shigo kasuwa a 1963. Danginsa suna da yawa: Lexotan, Ativan, Mogadon, Rivotril, da Rohypnol wanda samari ke kira roci. Likitoci na kiransu benzodayazefin. Aikinsu iri ɗaya ne. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna GABA wanda ke rage wa jijiyoyi zafin aiki, su kuma waɗannan magunguna ƙara masa ƙarfi suke yi. Shi ya sa suke kwantar da fargaba, su saki jiki, su tsayar da farfaɗiya, su kawo barci. Matsalar ita ce ba sa zaɓen inda za su yi aiki. Can cikin ƙwaƙwalwa, wajen saitin kunne, akwai wani ɗan sashe da ake kira hifokamfas, shi ke da alhakin adana sabon abin da mutum ya gani ko ya ji, kuma shi ma maganin yana danne shi. Ki ɗauka kamar littafin awon da ke shagonsa ne: maganin ba ya yage tsofaffin shafuka, hana alƙalamin rubutu yake yi a sabon shafi. Don haka za ki ga bai manta yadda ake yanka babbar riga ba, bai manta surorin da ya haddace yana yaro ba, amma maganar kuɗin makarantar yara da kuka yi bayan ya sha ƙwayarsa ta dare babu ita. Kada ki ɗauka musu yake miki. Maganar ce ba ta shiga ba tun farko, don haka ko an tuna masa ba za ta faɗo masa ba. Wannan hali na maganin sananne ne, har ma da gangan likitoci ke amfani da ɗan'uwansa midazolam kafin a zura wa mutum na'urar leƙa ciki ko a yi masa ƙaramin aiki, don kada ya tuna wahalar da ya sha.

Sai abu na biyu, wanda masu jinya ba su cika sani ba. Ana shan diazepam da dare, amma ba ya ƙarewa da asuba. Jiki kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya fitar da rabinsa, sannan hanta tana mayar da shi wani sinadarin da shi ma yake aiki, wanda kan daɗe har kwana huɗu ko fiye kafin rabinsa ya fita. Ga mai sha kullum, na jiya bai fita ba na yau ya hau kansa. Girma ma yana ƙara jinkirin: abin da jikin ɗan shekara 20 zai rage da rabi cikin kamar awa 20, jikin ɗan shekara 80 sai ya kai wajen awa 90. Ke nan lokacin da maigidanki ke zaune kan keken ɗinki da hantsi, maganin barcin yana nan a jininsa. Daga nan ne nauyin kai yake zuwa, da jinkirin fahimta, da rafkanuwar sallar asuba. Idan yana hawa babur zuwa shago, ki sa wannan a lissafi.

Abin takaicin shi ne amfanin maganin yana gudu ya bar illarsa a baya. Cikin 'yan makonni jiki ke sabawa da ɓangarensa mai sa barci, shi ya sa yanzu miligiram 10 ba ya isarsa har yake neman ƙari. Dakushewar tunani kuwa jiki ba ya gama sabawa da ita. Shi kansa barcin da maganin ke kawowa ba irin na Allah da Annabi ba ne, domin yana rage barci mai nauyi na farkon dare, wanda a cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke tace abin da aka koya da rana ta adana. Tun 1988 hukumar kula da ingancin magunguna ta Birtaniya ta ce kada a wuce mako biyu zuwa huɗu ana ba da su. A 2020 takwararta ta Amurka ta tsananta gargaɗin da ke jikin kwalinsu game da kamuwa da su da haɗarin yankewa. Ban ce ba su da rana ba. Idan ciwo ya tashi, mutum ya kwana uku bai runtsa ba yana neman fita da dare, babu abin da ya kai su saurin taimako, kuma ni ma ina rubuta su a irin wannan hali. Yadda abin ke lalacewa shi ne a sa maganin lokacin tashin ciwo, ciwon ya kwanta, amma duk zuwa asibiti sai a kwafe takardar da ta gabata. Layi ya yi tsawo, likita ɗaya, majinyaci bai yi ƙorafi ba, sai a ce a ci gaba. Haka wata ɗaya ke zama shekara biyu.

To amma da za a ajiye mini takardar maigidanki a ce in nuna wanda na fi zargi, ba zan tsaya kan diazepam kaɗai ba. Zan sa yatsa kan Artane, wanda ba a ma lissafa shi cikin magungunan barci.

Akwai wani sinadarin a ƙwaƙwalwa mai suna asetilkolin. Da shi ake mayar da hankali, da shi ake koyon sabon abu. Shi ne ke ƙaranci a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, wato wani nau'in gigin tsufa, har magungunan da ake ba su, irin su donepezil, ƙoƙarin ƙara shi suke yi. Artane, wato benzhexol, wanda masu shaye-shaye suka sani da Exol, aikinsa toshe wannan sinadari. Ana ba da shi ne don ya hana sandarewar jiki da rawar hannu da karkacewar wuya da magungunan ciwon ƙwaƙwalwa irin su haloperidol ke kawowa. Chlorpromazine shi ma yana toshe sinadarin. Piriton ma haka, da Phenergan, da amitriptyline da ake yawan ba mutane ƙaramin awo don su yi barci. Kowanne shi kaɗai mai yiwuwa jiki ya ɗauka, amma taruwa suke yi. A daren da ya ƙara Piriton, maigidanki yana ɗauke da uku masu toshe asetilkolin, ga diazepam a kai. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2021 kan masu irin ciwonsa sama da 1,000 ya nuna cewa gwargwadon nauyin irin waɗannan magunguna a kan mutum, gwargwadon raunin da yake nunawa a gwajin tunani da riƙe abu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta goyon bayan a riƙa ba da su haka kawai a matsayin rigakafi. Da yawa daga cikin majinyata, bayan 'yan watanni, ba sa ma bukatarsa, balle mai shan chlorpromazine wanda da ma yana da wannan halin a jikinsa.

Akwai alamun da za ki iya dubawa da idonki. Bakinsa na bushewa har ya riƙa kwana da kofin ruwa a gefen gado? Bayan gida na yi masa tauri? Fitsari na jinkirin fitowa? Ya fara kiran yaron shago ya zura masa zare a allura, ko yana nesanta tef ɗin awo da idonsa kafin ya karanta lamba? A shekarunsa ana iya cewa lokacin tabarau ne ya yi, kuma yana iya zama hakan, amma idan ya haɗu da bushewar baki da taurin ciki, to maganin ne ke magana. Irin waɗannan magunguna suna kuma rage gumi, don haka a watannin bazara a kula masa da ruwa da inuwa.

Ga maganar gigin tsufa. A shekara 48, da wannan tarin magunguna, da mantuwar da ta fi tsanani bayan shan na dare da kuma da safe, ba shi ne abin da likita zai fara kawowa a ransa ba. Gigin tsufa a hankali yake ci, ba ya sauƙi da yamma ya dawo da safe bisa lokacin shan ƙwaya, kuma kan kai ga mutum ya ɓata a unguwarsu ko ya kasa aikin da hannunsa ya saba. Ko maganin barci na jawo shi nan gaba? An yi ta kai ruwa rana a kan wannan. A 2014 wani bincike daga Kebek ta ƙasar Kanada ya ce tsofaffin da suka sha dangin diazepam fiye da wata uku sun fi kamuwa da Alzheimer da wajen kashi 50 cikin ɗari, labarin ya zaga duniya. Bayan shekara biyu wani daga Siyatil ta Amurka ya bi tsofaffi sama da 3,000 bai ga ƙarin haɗari ga waɗanda suka fi sha ba. A 2020 aka duba bayanan mutum sama da 200,000 masu ciwon damuwa da makamantansa a Denmak, nan ma ba a ga alaƙa ba. Abin da ke rikita lissafin shi ne rashin barci da fargaba suna cikin alamun farko na gigin tsufa, shekaru kafin a gane shi, don haka mai yiwuwa ciwon ne ya jawo aka ba da maganin. Hujjar ta fi nauyi a kan masu toshe asetilkolin. Wani babban bincike a Ingila a 2019 ya samu ƙarin haɗari na kusan rabi ga 'yan shekara 55 zuwa sama da suka yi kamar shekara uku suna shan masu ƙarfinsu kullum. Wannan ma alaƙa ce aka gani, amma ta isa dalilin da zai sa kada a bar mutum a kansu babu bukata.

Kada kuma mu ɗora wa magani laifin kowa. Shi kansa ciwon da yake fama da shi yana taɓa tunani, yana rage saurin fahimta da iya tsara aiki, kuma ana ganin haka tun kafin a fara ba mutum ko ƙwaya ɗaya. Kowane tashin ciwo kuma yana barin nasa tabon, wanda shi ne babban dalilin da ya sa shawarar watsar da magani duka ba ta da kyau. Ciwon damuwa na iya sa mutum ya zama kamar mai gigi. Rashin barcin kansa yana kawo mantuwa. Sannan ki saurare shi da dare: idan yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa sai ya farka da shaƙewa, musamman in ya yi ƙiba tun da ya fara magani, to iska ce ba ta isarsa cikin barci, kuma diazepam ƙara ta'azzara hakan yake yi. Ana kuma duba sukari da hawan jini da ƙarancin jini da aikin maƙoƙo. Tambaya ta ƙarshe mai nauyi ce, amma dole a yi ta: babu tabar wiwi, ko tiramol, ko maganin tari mai kodin? Haɗa waɗannan biyun na ƙarshe, ko giya, da dangin diazepam na iya tsayar da numfashi cikin barci.

Abin da nake so ki yi ba shi da wuya. Ki samu leda ki zuba duk abin da yake sha, na asibiti da na kyamis da na gargajiya, da kwalayensu, ki bi shi ranar ganin likita. Majinyaci shi kaɗai yakan ce lafiya lau, domin mai mantuwa yakan manta cewa yana mantuwa, wani kuma tsoro yake kada a taɓa masa ƙwayar barcinsa. Kafin ranar, ki yi kamar mako biyu kina rubuta lokacin da ya sha magani, lokacin da ya yi barci, lokacin da ya tashi, da abin da ya manta da lokacin da abin ya faru. Ki faɗa wa likitan a fili cewa mantuwar ta fara taɓa sana'arsa, ki tambaye shi ko har yanzu akwai bukatar Artane, ko za a fara rage diazepam, ko kuma akwai wanda zai maye gurbin chlorpromazine cikin waɗanda ba su cika danne tunani ba, irin su risperidone ko aripiprazole. Kowanne da nasa illar da nasa tsadar, kuma wanda ke riƙe da fayil ɗinsa shi ya san abin da aka taɓa gwadawa, don haka hukuncin nasa ne. Idan inda kuke karɓar magani babu likitan ƙwaƙwalwa, ku nemi a tura ku asibitin da ke da shi, kamar na Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa.

Ragewar ɗaya bayan ɗaya ake yi, don in wani abu ya canja a san mai laifi. Diazepam bayan shekara biyu ana rage shi ne kaɗan-kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari duk mako biyu zuwa huɗu, kuma abin kan ɗauki watanni. Ƙarshen ya fi farkon wuya. Duk lokacin da aka rage, ku sa ran 'yan darare na rashin barci da mafarkai da ɗan bugun zuciya. Wannan jiki ne ke neman abin da ya saba, ba ciwon ne ya dawo ba, kuma nan ne mutane da yawa ke karaya su koma kyamis. Idan aka yanke shi rana ɗaya kuwa, ana iya samun rawar jiki da ruɗewa da jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yin ta ba. Artane ma a hankali ake janye shi, ana lura ko jiki zai sandare. In kuma kin ga ya kwana biyu bai yi barci ba sam, ya fara maganar muryoyi ko zargi, kada ku jira ranar da aka ba ku. Haka nan idan ya ruɗe cikin kwana ɗaya ko biyu har bai san inda yake ba, ko zazzaɓi ya haɗu da sandarewar jiki, ko aka tashe shi ya ƙi tashi, wannan na gaggawa ne.

Wataƙila wani ya ce a canja masa zuwa sababbin magungunan barci irin su zolpidem ko zopiclone. Sun fi saurin fita daga jiki, gaskiya ne, amma ƙofar da diazepam ke bi su ma ita suke bi, kuma suna kawo irin mantuwar nan ta dare. A 2013 hukumar Amurka ta rage awon zolpidem ga mata daga miligiram 10 zuwa 5 saboda ana wayar gari da shi a jini, a 2019 kuma ta sa masa babban gargaɗi bayan an samu masu tashi cikin barci su yi girki ko su tuƙa mota ba su sani ba. Melatonin, wani maganin barcin, ya fi su sauƙi a kan tunani, sai dai ƙarfinsa kaɗan ne, ya fi amfani ga wanda agogon barcinsa ya juye. Akwai wasu sababbi da ke aiki ta wata hanya dabam, na farkonsu suvorexant ya fito a 2014, amma tsadarsu da wuyar samunsu sun sa ba su cikin lissafin yawancin majinyatanmu.

Abin da zai riƙe barcin idan ƙwayar ta tafi shi ne gyaran yadda yake kwana da tashi, kuma wannan ba maganar cika baki ba ce: tun 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta sa shi gaba da magani wajen rashin barci mai daɗewa, kuma an gwada shi a Oksfod kan masu jin muryoyi ya yi aiki. Tela dai kin san halinsa, shayi mai kauri da goro har dare, ɗinki har ƙarfe ɗaya idan salla ta gabato, sannan barcin rana a kan tabarmar shago. Ya tsayar da lokacin tashi guda ɗaya ko daren ya yi kyau ko bai yi ba, kuma asuba ta riga ta sauƙaƙa mana wannan. Ya fita ya sha hasken safiya. Ƙailula kada ta wuce rabin awa, kuma kada ta kai la'asar. Shayi da goro da lemun kwalba mai sa kuzari su tsaya daga azahar. In ya kwanta barci ya ƙi, ya tashi ya zauna a wuri mai ƙarancin haske da carbinsa har gyangyaɗi ya zo, maimakon juye-juye yana duba waya. Sai dai kada a matsa masa da rage awannin kwanciya da yawa kamar yadda ake yi wa wasu, domin ga mai irin ciwonsa ƙarancin barci na iya tayar da ciwon.

Kafin a kai ga duk wannan, ki mayar da muhimmiyar magana zuwa rana, tsakanin azahar da magariba, lokacin da kansa ya fi washewa. Awo kuma littafi ɗaya tak, a ɗaure shi da igiya a jikin keken.

Yawancin mutane suna samun sauƙi idan aka sauke musu wannan nauyi. Iyali kan fara lura cikin makonni cewa idonsa ya buɗe, yana bin hira, ya daina tambaya ɗaya sau uku. Binciken da aka tattara a Ostireliya a 2004 kan waɗanda suka yi shekaru da yawa suna shan dangin diazepam ya nuna tunaninsu ya inganta bayan sun bari, ko da yake wasu ba su gama komawa daidai ba cikin watanni shida na farko, kuma su sun fi maigidanki daɗewa a kai nesa ba kusa ba. Idan an gama ragewa, aka yi wata uku zuwa shida mantuwar tana nan yadda take ko tana ƙaruwa, sai ki nemi a yi masa cikakken gwajin tunani da na jini, in likita ya ga dalili a haɗa da hoton ƙwaƙwalwa.